Babi na Biyar: Nauyin da Ke Wuyan Ma'aikaciyar Jinya

Duk wanda ya taɓa kwana a barandar asibiti yana jinyar ɗan'uwansa, ko ya zauna a majalisar da ake hirar asibitoci, lalle ya ji hukuncin da jama'a suka daɗe da yankewa a kan ma'aikatan jinya, wato cewa mutane ne marasa imani, waɗanda ganin jini da gawa ya busar wa zuciya, har ba su iya amsa kiran majinyaci sai da tsawa. Hukunci ne da ake yankewa ba tare da an kira wanda ake ƙara ba, shaidunsa kuwa suna da yawa, mafi yawansu ma masu gaskiya ne, domin abin da suka faɗa da idonsu suka gan shi. Amma alƙalin kirki, ko da shaidu sun cika, ba ya rufe shari'a sai ya nemi sababi. Sababin da za mu bi a wannan babi kuwa shi ne yadda yarinyar da ta shiga makarantar jinya tana ƙwalla in ta ga an yi wa jariri allura, take wayar gari bayan 'yan shekaru tana wuce mai nishi ba ko waiwaye.

Da fari dai ya kamata mu san mizanin da muke auna ta da shi, domin kuwa an ƙera shi ne da labarin mutanen da samun irinsu sai an tona. Malaman sira sun ruwaito cewa a shekara ta 5 bayan Hijira, sa'ad da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Gwalalo, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a kwantar da shi a hemar Rufaida da ke cikin masallacinsa, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Ita kuwa Rufaida mace ce daga ƙabilar Aslam wadda ta tsayar da kanta ga hidimar masu rauni, ba ta neman lada wurin kowa sai wurin Ubangiji. Turawa su ma suna da tasu gwana, Florence Nightingale, wadda ta tashi daga Ingila a 1854 da mata 38 zuwa barikin Scutari, a tsallaken Istambul, don jinyar sojojin yaƙin Kirimiya, har labarinta ya cika duniya cewa tana zaga gadaje da fitila a hannu bayan kowa ya yi barci. Da wannan fitila ake yi wa ɗaliban jinya wa'azi har gobe. Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne, zazzaɓi ya kayar da ita a 1855, ta koma gida a shekarar da ta biyo a galabaice, ta kuma shafe shekaru masu yawa na sauran rayuwarta a kwance a ɗaki. Haka nan ba a cika gaya musu cewa mace-macen Scutari ba su yi sauƙi na sosai ba sai bayan da gwamnati ta aiko da kwamiti a watan Maris na 1855, ya yashe magudanun ƙazanta, ya buɗe wa ɗakuna hanyar iska. Ita kanta ta ɗauki darasin, shi ya sa daga kan gadonta ta koma ga lissafin mace-mace, da tsarin ginin asibiti, da makarantar da ta kafa a asibitin St Thomas na Landan a 1860.

To, mu bar magabata, mu shiga ɗakin mata na wani asibitin gwamnati irin namu da ƙarfe biyun dare. A ce gadaje talatin ne, kowanne da mai shi, ban da waɗanda aka shimfiɗa wa katifa a ƙasa. Ma'aikatan jinya kuwa biyu ne, ɗayar ma an kira ta ɗakin haihuwa ta kama musu. Wuta ta ɗauke. Wadda ta rage tana durƙushe gaban wata tsohuwa da amai da gudawa suka zuƙe, tana laluben jijiya a bayan hannunta, jikar tsohuwar tana haska mata da fitilar waya. Daga can ƙurya sai a ce, "Sista, ruwan Inna ya ƙare." Ta ce, "Ina zuwa." Kafin ta liƙa filasta wata ta iso a guje: "Sista, don girman Allah, numfashin Yaya ya canja." Ta ce, "Ina zuwa." Ta san maganin da ya kamaci waccan, ta kuma san tun magariba aka rubuta shi, masu jinya suka je kemis suka ji kuɗinsa, suka dawo suka yi shiru, ita ma ba ta sake tambaya ba don kada ta ba su kunya. Sa'ad da ta isa gadon, rai ya riga ya yi halinsa. Ta shafe idanun, ta ɗaure haɓa, ta ja mayafi, ta duba agogo ta rubuta lokaci. Salati da koke-koke suka tashi, ita kuwa ba ta da damar tsayawa ko gwargwadon karanta Fatiha, domin ruwan Inna har yanzu bai sami mai canja shi ba, jini ma ya fara hawa robar. In gari ya waye, dangin mamaciya za su ba da labari a gidan makoki cewa an kira nas ba ta zo a kan kari ba, da ta zo ma ko ƙwalla ba ta yi ba. Kuma ba su yi ƙarya ba.

Tambayar da ta kamaci mai hankali ita ce, ina baƙin cikin wannan dare yake tafiya, tun da ba a buɗe masa ƙofar fita ba, ga shi kuma gobe da dare akwai wani yana jira? Daga cikin waɗanda suka fara bin wannan mas'ala da tahƙiƙi akwai Isabel Menzies, masaniyar halayyar ɗan Adam a cibiyar Tavistock ta Landan, wadda wani babban asibitin koyarwa ya nemi taimakon cibiyarsu a kan wata matsala da ake gani ƙarama, ta rarraba ɗalibai ga ɗakunan majinyata. Da ta zauna da su sai ta tarar kusan sulusin ɗaliban ba sa kai ƙarshen karatu, mafi yawan masu tafiyar kuma ba korarsu aka yi ba, su ne suka ajiye don kansu. A maƙalar da ta wallafa a 1960 ta bayyana cewa jinya sana'a ce da ke tilasta wa mutum kusantar duk abin da ɗabi'a ke gudu, tsiraici da ƙazanta da raɗaɗi da fitar rai, kuma wannan kusanta tana tayar da tausayi da ƙyama da tsoro da zargin kai a lokaci guda, har da jin haushin majinyacin da ya ƙi warkewa. Sa'an nan ta nuna cewa asibitin, ba tare da wani ya zauna ya ƙulla hakan ba, ya gina wa ma'aikatansa katangu don kada wannan zafi ya iske su. An yanyanka aikin gunduwa-gunduwa, wannan ta auna zafin jikin kowa, waccan ta gyara gadon kowa, ta yadda ba wadda za ta san majinyaci ɗaya sani na haƙiƙa, balle rasuwarsa ta girgiza ta. Ana kiran mutum da lambar gadonsa ko da sunan cutarsa. Ana sauya wa ɗaliba ɗaki akai-akai kafin sabo ya shiga. An mai da kowane aiki ƙa'idar da ba a taɓawa, domin wadda ke bin ƙa'ida ido rufe ba ta ɗaukar alhakin yanke shawara; abin da ya rage na shawara kuwa sai a tura shi sama, daga ɗaliba zuwa sista, daga sista zuwa metiron.

Hukuncin da Menzies ta yanke ya fi bayanin ɗaci. Katangun ba su hana damuwa shiga ba, sun dai hana ta narkewa, sa'an nan suka raba ma'aikaciya da abu ɗaya da ke biyan wahalar aikin, wato ta ga wanda ta yi wa hidima ya miƙe da ƙafarsa ya tafi gida, ta kuma san da hannunta a ciki. Waɗanda hankalinsu ya fi nuna, waɗanda da sun zauna da su ne za su gyara tsarin, su ne kuma suka fi kasa jure shi, sai su kama hanya. Duk wanda ya taɓa jin an ce "mai gado na bakwai" ko "mai sikilan nan" a asibitocinmu ya san wannan al'ada ba a Landan ta tsaya ba. Mun gaje ta tare da farar riga da littafin ƙa'idoji.

A 1974 Herbert Freudenberger, wani masanin halayya a birnin New York wanda yake wuni a ofishinsa sa'an nan ya raba dare a wani asibitin kyauta na masu shaye-shaye, ya rubuta abin da ya gani a jikin 'yan sa-kai da kuma a jikinsa: mutum ya zo da himma mai zafi, bayan kamar shekara guda ya koma mai saurin fushi, mai ciwon kai da rashin barci, mai zargin kowa, ya kuma lura cewa masu ƙwazo da sadaukarwa su ne abin ya fi kamawa. Christina Maslach ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta zo a 1981 da ma'aunin da ake amfani da shi har yau, ta kasa abin uku: ƙarewar ƙarfin zuciya, da ɗaukar mutane tamkar kaya, da jin cewa duk abin da mutum ya yi bai tsinana komai ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da wannan hali kundinta, amma ba ta lissafa shi cikin cututtuka ba, ta ce al'amari ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki wanda ya daɗe ba a shawo kansa ba, bambancin da ya ɗauke yatsa daga kan ma'aikaci ya mai da shi kan ma'aikata. Alama ta biyun nan, wato ɗaukar mutane tamkar kaya, ita ce jama'a ke gani su kira rashin imani, alhali kuwa ta fi kama da kantar da ke fitowa a tafin manomi, fatar da ta sha gugar ƙota har ta daina ji. Hannun da bai taɓa riƙe fartanya ba kuwa ba ya yin kanta.

Idan guga ce illar, to ana iya ƙidaya ta, kuma an ƙidaya. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta na Jami'ar Pennsylvania a Amurka suka wallafa binciken da suka yi a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania, inda suka haɗa bayanan ma'aikatan jinya fiye da 10,000 da na majinyata fiye da 232,000 da aka yi wa tiyata. Suka tarar cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa ma'aikaciya a kan waɗanda take riƙe da su, hatsarin mutuwar majinyaci cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100, hatsarin ita kuma ta faɗa wannan gajiya yana ƙaruwa da kashi 23. A 2014 aka sake irin wannan bincike a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, kashi 7 ɗin nan ya sake fitowa. Mai karatu ya lura fa, su a kan bambancin majinyata huɗu da takwas suke muhawara. Ɗakin da muka shiga ɗazu bai ma kusanci lissafinsu ba.

Ingila ta ga ƙarshen wannan hanya a asibitin Stafford tsakanin 2005 da 2009, sa'ad da shugabanninsa, don tsimin kuɗi da neman ɗaukaka darajar asibitin, suka rage ma'aikata har abin ya kai ga ana barin tsofaffi cikin ƙazantarsu, ana ajiye musu abinci da ruwa inda hannunsu ba ya kai, masu karɓar baƙi a teburin shiga, waɗanda ba su da ilimin jinya, suna tantance waɗanda aka kawo cikin gaggawa. Lauya Robert Francis ya miƙa rahoton bincikensa a kan lamarin a watan Fabrairu na 2013 da shawarwari 290. Abin lura shi ne inda hankalin hukuma ya fi karkata: aka yi ta maganar cusa wa ma'aikatan jinya tausayi, har aka kawo shawarar ɗalibai su fara yin aikin wanka da ciyar da majinyata kafin su shiga karatu, kamar dai matsalar ta tarbiyya ce. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin lafiya a can ta faɗa a 2014 cewa in majinyata sun wuce takwas ga ma'aikaciya ɗaya da rana to hatsari ya ƙaru, amma ba a mai da wannan adadi doka ba, a 2015 ma aka dakatar da ita daga ci gaba da aikin. Wa'azi ba ya cin kuɗi, ɗaukar ma'aikata kuwa yana ci, kuma ban san wata gwamnati da ba ta gane wannan bambanci ba.

Sai dai adalci ya hana mu wanke kowa da wannan hujja. A 2019 mujallar Lancet ta fitar da binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a asibitocin Nijeriya da Gana da Gini da Myanmar, inda masu bincike suka zauna a ɗakunan haihuwa suna kallo, suka kuma bi mata gida suka tambaye su. Fiye da sulusin matan sun gamu da duka ko zagi ko wulaƙanci, waɗanda abin ya fi faɗa wa kuwa su ne masu ƙarancin shekaru da masu ƙarancin karatu. Da gajiya ce kaɗai, da matar kwamishina da 'yar ƙauye sun sha tsawa daidai wa daida. Tun da kuwa ana zaɓe, to akwai raini a ciki, raini kuma zalunci ne, kuma mari a ɗakin haihuwa ba shi da uzuri a shari'a ko a al'ada. Iyakar abin da za a ce shi ne, gajiya tana cinye haƙurin da ke danne mugun hali, ta yadda ɗan abin da ya rage ake tanadinsa don wanda ake tsoro, a sauke sauran a kan wadda ba ta da kowa.

Wasu tsofaffin ma'aikata sukan yi wa sababbi nasiha cewa su rage tausayi tun da wuri in suna son su daɗe a aikin, nasihar da binciken Tania Singer da Olga Klimecki, na cibiyar Max Planck da ke Leipzig a Jamus, ya nuna tana bukatar gyara. Sun bambanta abu biyu da mutane ke haɗawa: ɗaukar raɗaɗin wani a mai da shi na kai, da kuma rahama, wadda ita ce son alheri ga mai raɗaɗin da niyyar taimakonsa. A sakamakon da suka wallafa a 2014, waɗanda aka horar a kan na farko damuwarsu ta ƙaru, hoton ƙwaƙwalwarsu kuma ya nuna sassan jin ciwo ne ke motsi. Da aka horar da su a kan rahama sai damuwar ta sauka, sassan ƙauna da natsuwa suka motsa. Bincike ne mai amfani, amma a kan mutanen da ke zaune suna kallon hotunan bidiyo aka yi shi, ba a kan wadda ta yi sa'a goma sha biyu a tsaye ba, kuma ba ni da haƙuri da shugaban asibitin da zai riƙe shi hujja, ya tara ma'aikata bitar rabin yini a kan kula da kai, sa'an nan ya mai da su ga jadawalin da ya kayar da su. Ƙissar Salmanu Farisi da Abu Darda'i, wadda Buhari ya ruwaito, ta fi wannan bita hikima. Salmanu ya ziyarci ɗan'uwansa ya tarar ibada ta hana shi ci da barci da kula da iyalinsa, sai ya ƙi taɓa abinci sai sun ci tare, da dare kuma duk sa'ad da ya yunƙura zai tashi ya mai da shi shimfiɗa, har ƙarshen dare. Da aka kai maganar ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya gaskata Salmanu. Mai himma ba ya hutar da kansa, sai an sami wanda zai tsaya a kansa ya hutar da shi.

Imamu Gazali, a littafinsa Ihya'u, ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda in wasu sun tsaya da su nauyin ya sauka daga kan sauran jama'a. Amma sharaɗin saukar nauyin, kamar yadda malaman fiƙihu suka bayyana, shi ne masu tsayawar su isa biyan bukatar, in kuwa ba su isa ba to alhakin yana nan a wuyan duk mai iko. Gari da ya bar gadaje talatin ga mace ɗaya, sa'an nan ya zauna yana auna imaninta, ya kamata ya fara duba nasa littafin. Jihar Kalifoniya ta bi wannan mas'ala ta hanyar doka: a 1999 ta zartar da ita, ta fara aiki a 2004, inda a yau ba a ba ma'aikaciya ɗaya fiye da majinyata biyar a ɗakunan kwanciya na gama-gari, ko fiye da biyu a sashen kulawa ta musamman, ko da kuwa abokiyar aikinta ta fita cin abinci ne.

Mu kuwa lissafinmu baya yake yi. A jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, waɗanda ta ce ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai matsayin da bai kamata a je farautar ma'aikata a cikinsu ba, akwai Nijeriya da Nijar da Gana. Amma jerin bai hana wadda ta nemi tafiya don kanta ba, kuma duk wadda ta tafi, majinyatanta a kan waɗanda suka rage ake raba su, su ma su fara neman fasfo. A watan Fabrairu na 2024 magatakardan majalisar da ke kula da ma'aikatan jinya da ungozomomi ta Nijeriya ya faɗa cewa fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Maganin da majalisar ta kawo kuwa shi ne ƙa'idar cewa sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardunsa na fita, abin da ya fitar da ma'aikatan zanga-zanga a Abuja da Legas. Ƙa'idar ta tsare ƙofa, ba ta ce komai a kan adadin gadajen da za a bar wa mutum ɗaya da dare ba. Waɗanda suka riga suka isa Ingila kuma sun tarar da 'yan'uwansu na can a bakin titi riƙe da kwalaye, domin a watan Disamba na 2022 ƙungiyarsu, wadda aka kafa tun 1916, ta shiga yajin aiki mafi girma a tarihinta, a kan albashi da ƙarancin ma'aikata.